Faifan Ɗangoggo Mai Kalangu

Duk wanda ya ci kasuwar Dakoro a shekarun baya ya san Ɗangoggo mai kalangu. Shi ke yi wa mahauta kiɗa. Tun kafin a feɗe san farko yana tsaye bakin rumfa, kalangu a hammata, kowane mahauci da takensa. In ya buga na amininsa Samba, sai ka ga Samba ya aje wuƙa ya hau rawa da jini a hannu. Shi Ɗangoggo wurin kawunsa ya koyi kiɗan a Sabon Maci, da shi ya ci, da shi ya yi gida. 'Ya'yansa duk mata ne, babu wanda ya gaji kalangun.

Sau ɗaya aka taɓa ɗaukar kiɗansa, a kaset, ranar naɗin wani sarkin fawa. Kaset ɗin ne Yazidu, mai butik ɗin tura waƙoƙi a bakin tasha, ya yi ta lallaɓarsa ya kawo.

"Baba, kaset zare ne, tsinkewa yakai. Bari in juye maka a sede. Wanga faifai sai ya yi shekara ɗari, jikokin jikokinka sai sun ji ka."

Ɗangoggo ya yarda. Ya karɓi faifai mai ƙyalli, ya bar wa Yazidu kaset, shi kuwa ya ɗora wa'azi a kai ya sayar. Faifan aka naɗe shi cikin tsumma, aka kulle a akwatin ƙarfe, a ɗaki mai rufin kwano. Ko matarsa Azara ba ta isa ta taɓa ba. Shi kansa ba ya sawa, wai kada ya ƙare.

Shekaru suka ja, hawan jini ya shanye masa hannun dama. Wata rana wani sabon mahauci ya ce a gabansa ai kiɗan da ba wani abu ba ne, tsofaffi ne da son cika baki. Ɗangoggo ya miƙe. Ya je gida ya ɗauko faifan, ya ja Samba da mahaucin har butik ɗin Yazidu.

Da aka kwance tsumman, faifan ya yi tabo-tabo, ƙyallin gefe ya ɗaɗɗago. Yazidu ya goge da riga, ya sa a wani tsohon ordinatar, wato kwamfuta. Kalangu ya ɗaga murya, ya sarƙe, ya yi ta maimaita bugu guda, sai shiru.

"Ina sauran?"

"Baba, zafi ne ya ci shi. Irin waɗanga da muke juyewa, dama ba su cika daɗewa ba."

"Dama? Kai ka ce dama? Da wane baki ka ce mani shekara ɗari? Ko ashirin ba a yi ba! Ina kaset ɗina?"

Yazidu ya sunkuyar da kai.

"Ka raba ni da abu mai rai ka ba ni murfin gwangwani! Hannuna Allah ya karɓa, ban ce komi ba. Wanga kuwa kai ne, Yazidu, kai ne!"

Sai da Samba ya riƙe shi, don har ya ɗaga sanda da hagun.

Tun ranar bai ƙara bi ta bakin tasha ba. Yazidu ya turo dattijai ba da haƙuri, Ɗangoggo ya ce su koma. Yanzu yakan zauna a rumfar Samba, in ransa ya yi daɗi ya buga taken mahauta da baki, ɗaya bayan ɗaya, har na waɗanda suka mutu. Amma da wani ya ciro salula zai ɗauka, sai ya tsuke bakinsa.

"Mai da abinka aljihu. In kana son ji, zauna ka ji."