Buhu Nawa Albashin Zai Saya?

Shekarun baya, ina ajin farko a kwaleji nan Dakoro, yayata ta dawo daga Yamai da takardar kine, wato masu koya wa jikin da ya shanye ko ya karye motsi. Ta kuma samu gurbin karatun doktora a ƙasar waje, amma babu bursu, wato tallafin karatu. Kuɗin sai dai su fito daga magazar mahaifinmu, inda yake tara hatsi.

Mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne. Da kaka yake saye, ya kulle, sai bazara ta yi tsanani ya buɗe. Lokacin kuwa kaka ce, ƙauyawan Ɗan Gulbi na ta shigowa da amalanke. Idan ya biya mata, dole ya sayar da hatsin da ya tara a farashin da ya saye shi. Ribar shekara ta tafi ke nan.

Ranar da za a yi maganar, na ji kawunmu, ƙanen mahaifiyata, yana ja wa yayata kunne a zaure.

"Ke dai in ya tambayi albashi, ki ninka. Alhaji ba ya jin Faransanci, lissafi yake ji."

Bayan la'asar aka zauna. Ni aka sa kawo ruwa, na ajiye na maƙale jikin ƙyaure, ba wanda ya lura. Wannan kaɗai ne amfanin kunyata.

Mahaifinmu ya ce, "To, wannan tausar taku, har doktora gare ta?"

"Ba tausa ba ce, Baba."

"Na ji. In kin gama, albashin wata buhu nawa zai saya?"

Na ga kawu yana ɗaga mata gira. Ita kuwa tana murza bakin mayafinta har zare ya fita. Mahaifiyata ta daina tsintar wake, hannunta na cikin faifai.

"Baba, in gwamnati ta ɗauke ni, kaɗan zai ɗara wanda zan samu yanzu. Kuma ban san yaushe za ta ɗauke ni ba. Hatsinka ba zai dawo da wuri ba."

Kawu ya yi tari. "Alhaji, yarinya ce, ba ta san..."

Mahaifinmu ya ce, "Bar ta. To mi za ki je nema?"

"In na samu, zan iya koyar da wasu. Yanzu wanda ɓarin jikinsa ya shanye sai an kai shi Maraɗi, wanda ba shi da hali ya kwanta a ɗaki."

Mahaifinmu ya dube ta. Sai ya ce, "Wannan ciniki ba riba." Yayata ta sunkuyar da kai. Ya juya ga kawu. "Amma ita ba ta zuba mini ƙaiƙayi a gindin buhu ba. Kai kuma girarka za ta gaji."

Kafin sati ya zagayo, motar Maraɗi ta tsaya ƙofar magaza, aka loda mata hatsin.

Bazarar nan hatsi ya yi tsada ƙwarai. Nakan ga mahaifinmu ya ƙara muryar rediyo in ana faɗin farashi, sannan ya kashe, ya tashi ya yi alwala tun lokaci bai yi ba. Bai taɓa ce mata komai a waya ba sai "Ya karatu?"

Yayata ta dawo, tana koyarwa, albashin kuma kamar yadda ta faɗa ne. Har yau in na tuna, ba amsarta ke tsaya mini a rai ba. Abin da ke tsaya mini shi ne ya yi lissafin sarai, ya ga faɗuwa, ya kuma miƙa makullin magaza da hannunsa.