Ranar da Furannin Auren Yaya Suka Lanƙwashe

Ni ce mai fure a cocinmu na Lafiya tun ina shekara goma sha huɗu. Ba don ƙwarewa aka ba ni aikin ba, ni kaɗai ce ba na atishawa in na shiga lambun mishan. Matar fasto, wadda muke kira Uwargida, ita ta koya mini, kuma salo ɗaya tak na riƙe: in tsattsayar da furanni a kwalba kamar 'yan doka a fareti.

Sau uku ta zaunar da ni don ta nuna mini salon lanƙwasa, wanda ake cusa wayar kejin kaji a kasko, a soka kara a kaikaice har jerin ya fito kamar lauje. Sau ukun nan duk ƙadangaren bango nake kallo. Har na ce mata fure mai hankali ba ya karkata.

Sai ga auren yayata, kuma Uwargida ta yi tafiya. Ango ɗan garin Obi ne, danginsa kuwa an ce in suka kalli miya sai ta huce. Yaya ta kama hannuna ta ce, "Ƙanwata, ki rufa mini asiri. Kar su koma gida da labarina."

Ranar Juma'a, jajibirin auren, da la'asar na yanke dogayen furannin lambun kaf, ban bar ko na kunya ba. Sai ƙanshin suya ya taso daga gidanmu. Na kwantar da su a daro, gindinsu cikin ruwa, kawunansu a waje, na ce yanzu zan dawo in tsayar da su. Ban dawo ba.

Da safe na leƙa daron. Kowane fure ya ɗago kai sama daga kwance, ya lanƙwashe. Na tsayar da ɗaya a kwalba, ya juya mini ƙeya. Na gwada miƙe wani, ya ce ƙas! Na kurma ihun da na tabbata an ji har garin Kwandere.

Inna ta shigo da ludayi a hannu. "Wa ya mutu?"

"Furanni, Inna."

Ta duba, ta dafe ƙirji. "Ke 'yar nan, me kika ba su suka sha?"

Yaya ta biyo ta da lalle a ƙafa. Ba ta yi faɗa ba, ta dai zauna a ƙasa tana kallon daron. Wannan ya fi mini ludayin Inna ciwo.

Na ruga na ɓalle waya daga kejinmu, kaji suka watse cikin masu girki. Na dunƙule ta a kaskon Inna, na yi ta tono abin da kunnena ya tsinta lokacin da idona ke kan ƙadangare. Dogo a hagu ya kalli sama, wani a dama ya zubo ƙasa, gajeru su cika tsakiya. Sau biyu kaskon yana kifewa kafin in tuna Uwargida takan sa dutse a ciki.

A coci, gwaggon ango ta tsaya gaban kaskon baki buɗe har na ƙirga haƙoranta. Ta juyo ta ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ɓuya bayan Inna. Inna ta turo ni gaba.

"Yarinya, da wuta kika gasa su suka tanƙwaru haka?"

Na ce, "Sirrin sana'a ne, Gwaggo."

Ta ce auren 'yarta na nan tafe, irin wannan take so, har guda huɗu. Yaya ta ɗago kai daga cikin mayafi ta harare ni, tana danne dariya.

Da Uwargida ta dawo, a ƙofarta ta same ni da kasko da waya, na ba bangon ƙadangaren nan baya.