Attahir Mai Ɗanɗana Linuks

A bakin tashar Tanut ta ƙasar Damargu, inda motocin Agadas ke tsayawa su sha iska, akwai wata rumfar kwano da duk mai neman a buga masa takarda ya sani. Ta Attahir ce. Mutumin Falanko ne, ɗan manoman gero, dogo marar jiki, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana gudun ya tada mai barci. Bai yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ya tsinci Faransancin da ya ishe shi, har ya shekara da shekaru yana buga takardu a meri, ofishin magajin gari, da keken rubutu irin na da. Da ya bar aiki sai ya kafa rumfarsa da tsofaffin kwamfuta biyu, da wata na'urar fitar da takarda wadda ta girmi autarsa.

Wani malamin lakwal, Mushe Hamza, shi ya sa masa Linuks kafin a ɗauke shi daga garin. Ya ce masa wannan shi ne tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, mutane ne daga ƙasashe barkatai suke haɗa hannu su ƙera shi su ba kowa kyauta, kuma kafin sabo ya fito sukan saki ɗanyensa don masu so su gwada. Maganar nan ta zauna wa Attahir a rai. Tun daga lokacin, da ya ji ɗanye ya fito sai ya yi ta fakon rezo na intanet har ya sauko da shi, ya zuba a kle, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya ɗora wa kwamfuta ta biyu. Ta aiki kuwa ba ya taɓa ta. Ubansa ma, in ji shi, ba ya zuba sabon iri a gona duka, kusurwa yake warewa.

To, amma Attahir yana da wani hali. In ya gama gwaji, yakan rubuta wa masu ƙerawar saƙo a wurin da suka tanada don faɗar matsala. Sai ya gaishe su, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa in damina ce, ya yi godiya, ya sa albarka. Aibi kam ko ɗaya ba ya faɗa, ko da ya gani. A ganinsa, wanda ya ba ka rago kyauta ba ka ce masa ƙahon a karkace yake ba.

Ana nan, wata shekara ɗanyen ya zo da abin da ya fi ƙaho. Da ya haɗa na'urar takarda, sai ta ja farar takarda, ta yi gurnani, ta tofo ta fara fat yadda ta shiga. Ya sake, haka. Tsohon tsarin da yake aiki da shi kuwa an kusa daina kula da shi. Idan sabon ya fito a haka, na'urar ta zama wurin kwanan kaji, rumfar kuma ta mutu, don ba wanda zai zo ya kalli takardarsa a gilashi ya tafi.

Ya zauna ya rubuta musu. Bayan gaisuwa ya ce komai lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Aka amsa masa da godiya, aka rufe zancen.

Matarsa Rukaiya ta ga tuwo yana komowa da saura. Ta matsa masa har ya faɗa mata duka. Washegari da rana ya shigo gida, ta tare shi a bakin murhu da ludayin miyar kuka.

"Malam, ɗanɗana mini."

Ya kurɓa, ya haɗiye. "Madalla. Hannunki dai hannunki ne."

"Kai, Malam, ka ji tsoron Allah! Ko ƙwayar gishiri ban sa ba."

"To ai... ba ta yi muni ba."

"Ba ta yi muni ba! Da baƙi ne a zaure, haka za ka bar ni in kai musu ruwan kuka, a yi ta yi da ni har Belbeji? Ina miƙo maka ludayi don ka sa mini albarka ne?"

Attahir ya sosa ƙeya. "Ke dabam, Rukaiya. Su fa ban taɓa ba su ko goro ba."

"Su ma ludayin suka miƙo maka, mai kunyar surukai. Tukunyarsu na kan wuta, kai kana tambayar su damina."

Ya koma rumfa bai ko tsaya cin tuwon ba. Rubutun ya yi masa wuya ƙwarai. Ya buga, ya goge, ya sake bugawa, gumi na tsatso masa kamar mai shirin zagin babba. Daga ƙarshe ya faɗi sunan na'urar, da abin da ya danna, da abin da ta yi, ya ɗauki hoton farar takardar ya haɗa. Gaisuwar dai bai iya yar da ita ba, amma ya tsuke ta ta koma layi ɗaya.

Amsa ta zo daga wata mace a wata ƙasa mai nisa. Ta ce a cikinsu ba mai irin wannan na'ura, rabonsu da ganinta an daɗe, ba don shi ba da ba za su sani ba. Ta roƙe shi ya zama idonsu. Haka suka yi ta yi: ta aiko gyara, ya gwada, ya ce bai yi ba. Kalmar nan "bai yi ba" ta farko sai da ya yi istigfari kafin ya aika. Wani gyaran ya fitar da rabin shafi, wani ya cika takarda da baƙi kamar gindin tukunya. In rezo ya ɗauke ya jira, in kuran, wutar lantarki, ya tafi ya jira. Haƙuri dai ba a koya wa mutumin Damargu.

Ran wata kasuwa wani makiyayi, Adamu, ya zo a buga masa cigiyar raƙumarsa da ta ɓata wajen Olelewa. Sabon gyara ya iso da safen nan, sai Attahir ya ce bari ya gwada da wannan. Na'urar ta ja takarda, ta yi gurnaninta, ta turo ta. Ga rubutu nan reras, har da hoton tambarin da ke wuyan raƙumar.

Adamu ya miƙo hannu. "Kawo, Malam, mota za ta tashi."

Attahir ya riƙe takardar da ɗuminta, ya jawo kujera da ƙafa gaban kwamfuta don ya rubuta wa matar nan ta nesa.

"Yi haƙuri kaɗan, ɗan'uwa. Akwai wadda ya kamata ta riga kowa ji."