Tsoho Mai Koren Fayil

Yana zaune a bencin ofishin kula da lambuna na garinmu, nan gaɓar tsibirin Jawa, da koren fayil a cinya. An rubuta sunansa, Wagiman, a bangon fayil ɗin. Ƙarƙashin faratansa duk busasshen fenti ne. Na san irin hannun nan, na masu zanen kekunan haya ne, sana'ar da babura suka kashe. Izini yake nema ya zana masunta a katangar lambun bakin kogi.

Da hannu biyu yake miƙa wa wata ma'aikaciya fayil ɗin, yana rusunawa.

"Mbah, ja ake kawowa," in ji ma'aikaciyar, da kiran da muke yi wa tsofaffi, ko buɗewa ba ta yi ba. "Kana mai fenti ba ka san launi ba?"

"Na sani, Mbak," in ji shi, da kiran ladabi da ake yi wa mace. "Wancan makon kore kuka ce."

"To, wannan makon ja ne."

Yana murmushi, har da godiya.

Ni kuwa aikin gobe na zo karɓa. Katangar nan tasa zan shafe da farin fenti, a liƙa tallar sigari. Takardata tana aljihu da hatiminta, ba wanda ya tambaye ni fayil.