Ranar da Yaron Lajawa Ya Faɗi a Filin Kwando

Ni ban taso da niyyar zama koci ba. Ɗan wasa ne ni, ƙwallon kwando nake bugawa a Kano, har akan ɗebe mu a bas zuwa wasu jihohi. Gwiwata ta hagu ce ta raba ni da wasan. Wata rana na yi tsalle na sauko a karkace, na ji wani ƙas a ciki, tun daga nan ba ta ƙara yarda na yi gudu ba. Na dawo gida Wudil ina ɗingishi, na samu aikin koyar da motsa jiki a wata makarantar sakandare. A bayan ajujuwan akwai tsohon fili na siminti mai kwando biyu, ɗayan ma ba raga. Da yamma sai na riƙa tara yara a wurin. Su suka fara ce mini Koci, sunan kuma ya bi ni har cikin gari.

A cikinsu akwai wani ɗan Lajawa da ke zaune a gidan gwaggonsa saboda karatu. Ya fi ni tsawo tun yana aji biyar, ga shi shiru-shiru, ga tsalle kamar ba nauyi a jikinsa. Mahaifinsa ya hana shi wasa, sai na hau babur na je na same shi a gona yana noman gero. Ya saurare ni har na gama, idonsa a kan gwiwata.

"Malam, wasan nan ne ya yi maka haka?"

"Shi ne, Baba. Akan ji ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma ina tsaye a kansu."

Ya jima yana kakkaɓe ƙasa daga bakin fartanya, sannan ya ce, "Shi kaɗai ne namiji a ɗakin uwarsa. Tunda yana so, na ba ka shi amana."

Abin ya faru ne wata Juma'a bayan la'asar, a farkon kaka. Na raba su gida biyu suna karawa. Ƙwallo ta daki bakin kwando ta dawo, ɗan Lajawa ya tashi sama zai cafe ta. Wani gajeren yaro, abokinsa ne ma na kusa, ya shigo da gudu bai ɗaga kai ba, ya bangaji ƙafafunsa. Na ga dogon jikin nan ya kife a iska, ƙeyarsa ta fara isa ƙasa. Ƙarar da na ji kamar an yar da kabewa a kan daɓe.

Na jira ya motsa, bai motsa ba.

Ban san yadda na isa wurinsa ba. Idanunsa a buɗe kaɗan, fari kawai ake gani, yana wani irin minshari da ban taɓa ji ba. Sai ga jini siriri yana fitowa daga kunnensa na hagu. Yara suka yi caa a kansa, wannan zai ɗaga shi zaune, wancan ya taho da bokitin ruwa. Na daka musu tsawa suka ja da baya. Na taɓa halartar wani gajeren horo na masu koyar da wasa a Kano, inda wani dattijon Bature ɗan ƙasar Estoniya, tsohon ɗan wasa shi ma, ya yi ta nanata mana cewa wanda ya faɗi a kan kansa ba a girgiza masa wuya. Wannan kaɗai na iya tunawa. Na durƙusa na riƙe kansa da hannu biyu.

Muka zare katakon benci muka kwantar da shi a kai. Adaidaita sahu ba za ta ɗauki tsawonsa ba, sai da wani yaro ya tare mana a-kori-kura da ta sauke buhuna a kusa. Na hau baya na sa kansa tsakanin gwiwoyina.

Ranar kasuwa ce, hanya ta cushe. Manyan motocin shanu sun tare gaba, babura sun cike gefe, direbanmu yana ta danna oda ba mai ko waiwayowa. Yaran da suka biyo mu suka diro suna bubbuga jikin motoci suna cewa mara lafiya ne. A nan minsharin ya ɗauke. Na kira shi, shiru. Na sunkuya na kara kunnena a hancinsa, hayaniya ta hana ni jin komai. Na ce a raina shi ke nan, ɗan mutane ya mutu a cinyata. Na fara salati da ƙarfi ban ma sani ba. Can sai ƙirjinsa ya ɗaga, ya yi amai, muka karkata shi gaba ɗaya da katakon don kada ya shaƙe. Wani dillalin shanu ya leƙo ya ga halin da muke ciki, ya shiga gabanmu da sandarsa yana kore mutane da dabbobi har muka fita.

A asibiti aka karɓe shi da sauri, aka bar ni a baranda da jini a wandona. Abin da ya fi tsorata ni a lokacin shi ne fuskar da zan kalli mahaifinsa da ita. Na ɗauka sai an je Lajawa, ashe yana cikin kasuwa, ya kawo akuya. Gwaggon yaron ta aika aka nemo shi. Ya shigo da igiyar akuyar a hannu, ko ajiye ta bai tuna ya yi ba. Na miƙe zan yi magana, ya riga ni.

"Yana numfashi?"

"Yana yi, Baba."

Ya wuce ni ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Likita ya fito ya ce sai an kai shi Kano an ɗauki hoton kansa. Muka bi motar asibiti, ni da uban muna fuskantar juna, yaron a tsakaninmu. Har muka isa bai ɗago ya dube ni ba, leɓɓansa kawai ke motsi. Washegari da safe aka gaya mana ƙashin kai ya tsage, amma jinin da ya taru a ciki ba shi da yawa. Sai dai a jira ya farka. Na tambayi likitar da ke duba shi a can ko zai farka ɗin, ta ce mu yi ta addu'a.

Kwanakin da suka biyo baya a kan benci na yi su. Duk sanda wata ma'aikaciyar jinya ta fito da sauri sai gabana ya faɗi. Idan aka turo gado an lulluɓe mutum, sai na duba tsawon ƙafafun kafin na iya numfashi. Abinci ya ƙi shiga. Wata rana da azahar uban ya sayo fura, ya dama, ya sha, ya turo mini ƙwaryar.

"Sha, Malam. Kai ma ɗan wani ne."

Na ce, "Baba, ka ba ni amana."

Ya ce, "Na ba ka. An kuma gaya mini yadda ka riƙe kansa tun daga fili. Sha."

Ban iya sha ba sai da na koma bayan gini na yi kuka tukuna.

Can wata rana da hantsi ya farka, uwarsa na zaune a gefensa, ita ya fara kira. Ni da na shiga ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Koci." Maganarsa ta dawo, ƙafafunsa da hannuwansa duk suna aiki. Kunnen hagun ne bai dawo ba. Da aka sallame shi, uban ya ja ni gefe ya ce uwar yaron ta gode, amma ta ce ba zai ƙara taka filin nan ba, shi ma kuma yana bayanta. Ban yi musu ba.

Na koma fili bayan wasu makonni. Duk yaron da ya yi tsalle sai na ji numfashina ya tsaya har ya sauko. Na roƙi makaranta tsofaffin katifu, muka shimfiɗa a gefe, na fara koya musu yadda ake faɗuwa: a naɗe haɓa a ƙirji, a sauka da kafaɗa. Har yau da wannan nake fara wa kowane sabon yaro, kafin ma ya taɓa ƙwallo.

Ban da ɗan Lajawa, mutum ɗaya ne bai dawo ba, gajeren nan da ya bangaje shi. Makaranta ma ya daina zuwa. Na yi cigiya aka ce yana bakin kogi wurin masu ɗiban yashi. Na same shi tsamo-tsamo yana lodi, yana ganina ya yar da shebur zai gudu. Na ce ni ba zan iya bin sa ba, ya tausaya wa ƙafata. Ya tsaya, kansa a ƙasa.

"Koci, an ce ya kurmance. Ni na jawo."

"Kunne ɗaya ne. Kuma kullum sai ya tambaye ni kai. Hau mu je."

Na goya shi a babur muka kama hanyar Lajawa. Muka tarar da ɗan Lajawa a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa a faranti, ya rame, an aske masa kai. Gajeren ya tsuguna daga hagunsa ya fara ba shi haƙuri ƙasa-ƙasa, hawaye na zuba. Shi kuwa ya bar shi har ya kai aya, sannan ya yi murmushi ya jawo hannunsa.

"Ban ji ko ɗaya ba. Zagayo ta nan ka taya ni ɓara."

Ya zagaya ya zauna. Ni kuma na shiga zaure gaida uban.