Hoton Inaq Rumisah a Banɗakin Otal

Shekarar Rumisah goma tana gyaran ɗakuna a babban otal ɗin nan na bakin teku, wanda aka gina a filin da iyayenmu ke shanya ciyawar ruwa. Ita ce 'yar fari a gidansu, shi ya sa kowa ke kiran uwarta Inaq Rumisah, wato uwar Rumisah, kamar yadda ake kiran kowace uwa a tsibirinmu na Lombok da sunan ɗanta na fari. Karatunta ya tsaya a aji uku na sakandare. Mijinta ya tafi Malesiya aikin kwakwar manja, bai sake waiwayowa ba, ta rene 'ya'ya biyu da tsintsiya da tsumma. Mace ce marar hayaniya, idan ta ɗame zanin gado sai ka rantse ba a taɓa kwanciya a kansa ba.

A shekararta ta huɗu a wurin aka sake wa ɗakunan fasali. Mai otal ya sayo hotunan gaɓar tekunmu daga hannun wani mai ɗaukar hoto na Jakarta: kwale-kwale, raga, masu dafa gishiri. Ranar da aka rataye su, Ibu Ketut, shugabar masu gyaran ɗakuna, ta zaga da su suna kallo. Da suka shiga banɗakin ɗakin da ya fi kowane tsada, Rumisah ta ɗaga kai ta ga uwarta.

Hoton ya kai ƙofa tsayi. Inaq ce a cikin ruwa har cinya, ranar kamun nyale, tsutsar tekun nan da ke fitowa sau ɗaya a shekara. Zani ɗaure a ƙirji, ya jiƙe ya manne mata, kai ba ɗankwali, baki ja wur da ganyen da tsofaffinmu ke taunawa, tana dariya. Ba wanda ya tambaye ta kafin ya ɗauka. Kuma duk faɗin otal ɗin aka rasa inda za a kai fuskar dattijuwa sai saman bahon wanka, tana fuskantar masai. Wai wannan shi ne gwaninta.

Ibu Ketut ta ce wa Rumisah ai matar kamar 'yar ƙauyen su Rumisah ce, ko ta san ta? Akwai ma'aikata wajen takwas a tsaye, da manaja. Rumisah ta dubi jan bakin nan da zanin da ya manne, ta ce ba ta san ta ba.

Shekara shida tana goge gilashin hoton kowace safiya. Takan tsince gashin baƙi daga bahon, ta kwashe jiƙaƙƙun tawul, uwarta na yi mata dariya daga bango. A cikin shekarun nan Inaq ta sayar da 'yar gonarta ta sauke farali, ta dawo da farin lulluɓi, ta daina taunar ganye. Tun daga nan ko surukinta, mijin ƙanwar Rumisah, bai ƙara ganin gashinta ba. A masallaci ita ake ba wa gaban sahun mata.

Sai ga ladan shekara goma. Otal yakan ba ma'aikaci kwana biyu a ɗakin baƙi, a lokacin damina da ba kowa, shi da mutum ɗaya. A wajenmu irin wannan ba a kai ƙawa ko 'ya, uwa ake kaiwa, kuma kafin Rumisah ta isa gida labari ya riga ta. Ta tarar Inaq ta fito da kayanta na Makka tana shanyawa. Washegari Rumisah ta roƙi Ibu Ketut a ba su ƙaramin ɗaki na bayan lambu, aka ce to. Ranar da suka zo, Pak Wirya, sabon manaja ɗan tsibirin Jawa, ya tarbe su a ƙofa yana murmushi, ya ce ma'aikaciya kamarta ba ta cancanci bayan lambu ba, ya miƙa mata makullin babban ɗakin nan da ya fi kowane tsada.

Tana buɗe ƙofa ta wuce banɗaki da sauri, ta yafa wa hoton babban tawul. Da ta fito, Inaq na zagaya gado tana danna katifa da yatsa.

"Misah, wannan gado ne ko farfajiya? A nan kam sai a shanya shinkafar gona guda."

"Ki zauna mana, Inaq."

"In zauna in nutse, wa zai ciro ni? Ke da ko buhu ba kya iya ɗagawa."

Ta shimfiɗa dardumarta a ƙasa ta zauna, tana kallon tekun da ta sani tun tana yarinya ta cikin gilashi. Da aka yi kiran azahar ta tashi alwala. Rumisah ta ce bari ta kawo mata ruwa a buta, Inaq ta ce ƙafafunta ba su mutu ba tukuna. Aka ji ƙarar famfo, aka ji ya tsaya. Tsohuwa ta gama ta nemi abin goge fuska, ta jawo tawul ɗin da ya fi kusa, wanda ke rufe da hoton.

Ba ta ce komai a ciki ba, don ba a ambaton Allah a banɗaki. Sai da ta sako ƙafa waje ta yi salati a hankali, ta gyara lulluɓinta har gira. Ta tambayi 'yarta tun yaushe hoton ke wurin. Rumisah ta ce shekara shida. Ta tambaya ko maza ma suna wanka a nan. Rumisah ta sunkuyar da kai.

Ana cikin haka Pak Wirya ya ƙwanƙwasa, riƙe da kwandon mangwaro. Ya rusuna ya gaida Hajiya, ya tambaya ko ɗakin ya yi mata. Inaq ta ce ya yi, sai dai wace ce waccan matar ta banɗaki? Mutumin ya washe baki. Ya ce hoton da baƙi suka fi so ke nan, har wasu na neman saye.

"Mun so mu gano ta, Hajiya. An ce an tambayi 'yan garin nan da ke aiki da mu, har Rumisah, ba wanda ya san ta."

Inaq ta juyo ta dubi 'yarta. Ba harara ba ce, da harara ce da sauƙi. Sannan ta mayar da ido kan manaja.

"To, idan Rumisah ba ta san ta ba, ni ina zan san ta?"

Ta yi kwana biyun nan cif, don kada ƙauye ya tambayi abin da ya dawo da su. Amma ba ta ƙara taka banɗakin ba. Alwala a famfon lambu take yi, inda leburori ke wanke ƙafa, sauran buƙata kuma a bayin ma'aikata. Ta ci shinkafa da kifi, ta yaba wa mai dafawa, ta ce barkono ne kawai bai ji ba. Maganar hoto ba ta sake tayar da ita ba sai a kan babur, suna hanyar gida. Ta ce daga baya, kusa da kunnen Rumisah:

"Ki ce musu su fitar da ni daga wurin nan."

Ran Litinin, a taron safe na masu gyaran ɗakuna, Rumisah ta miƙe tsaye. Ta ce matar da ke banɗakin babban ɗaki uwarta ce, Hajiya ce, tana roƙon a sauke ta. Ba wanda ya yi mamaki. Wasu suka dubi ƙasa, wata ta shiga gyara tsintsiyarta. Ibu Ketut ta ce za ta yi magana da manaja yau ɗin nan, kuma za a sauke. Da aka watse ta riƙe hannun Rumisah a bakin ƙofa.

"Adik, ƙanwata, ke da ita goshinku ɗaya, wushiryarku ɗaya. Tun ranar farko duk mun gane. Kin ce ba ki san ta ba, shi ya sa muka yi shiru, kada mu ba ki kunya. Da kin faɗa, ai ko kwana ba za ta yi a wurin ba."