Takarda ta Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe shida saura kwata na bar Sakkwato ranar Juma'a, jakata cike da takardun tambayoyi arba'in. Digirina na uku a kan yaƙi da jahilci ne, kuma Farfesa mai duba aikina ya rantse in ban kawo su a cike ranar Litinin ba, sai baɗi. Shekara biyar ina abu ɗaya, jama'a!

Bakura

Ƙarfe takwas muka sauka, bayan shinge huɗu. A na ƙarshe ɗan sanda ya leƙa jakar, ya ce, "Duk wannan takarda, ba ko ƙuli?" Malam Umaru, mai koyar da ajin manya, ya tara mini manoma. Yana karanta tambaya, suna dukufa suna rubutu. Daɗi ya kashe ni, ko dubawa ban yi ba na cusa a jaka.

Talata Mafara

Nan ma haka aka yi bayan sallar Juma'a. Na ci tuwon shinkafa, na kwana gidan abokina, har ina jin ana kirana Dakta a mafarki.

Maradun

Da hantsi ɗan kabu-kabu ya kai ni ƙauyen Tsibiri, aka cike ragowar. A zauren Liman na baje su. Innalillahi! Duka arba'in da ajami aka amsa, ni kuwa rabona da allo tun ina ɗan shekara bakwai. Na ɗauki ɗaya ina ta jujjuyawa.

Liman ya dube ni. "Ɗana, mi ya faru? Juye ka riƙe ta."

"Baba, ban iya ba."

"Kai da ka zo auna jahilcinmu?"

Zaure ya ɗauki dariya. Amma dattijon arziki ne, ya zauna yana karanta mini ina kwafewa har la'asar. Da muka gama ya nemi takarda ɗaya da ta rage mini ta gwaji, ya tambayi sunana, ya cike.

Gida

Lahadi da azahar na iso lafiya, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa mutanen Zamfara. Litinin Farfesa ya amshi aikin, ya tsaya a kan ta ƙarshe, don shi ya iya ajami. Ya karanta da ƙarfi: "Bello. Bai iya karatu ba, amma yana da ladabi."

Asabar mai zuwa nake fara zuwa ajin koyon ajami.